Babban Gwani: Tarihin maginin da ya tayar da Masallacin Juma'a na Zariya da laka da azara

Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, ana tsakiyar Sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata. An rasa rayuka, wasu da dama kuma suka jikkata.

Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun ana gobe abin zai faru aka ga tsaga a jikin bangon, ana shirin kawo injiniyoyi su duba, sai ƙaddara ta riga fata.

Kusan duk rahotannin da aka bayar a lokacin sun ambaci daɗewar masallacin, wanda aka gina tun shekarun 1830. Kaɗan ne suka ambaci mutumin da ya gina shi, wato Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani.

Bai bar littafi ba, bai bar zane a takarda ba. Tarihinsa yana wuri uku ne: a bakin zuriyarsa, a jikin gine-ginen da ya bari, sai kuma a cikin takardun masu awo da suka zo bayansa da fiye da shekara 100, suka bi aikinsa da tef suna aunawa.

Wane ne Babban Gwani?

Malam Mika'ilu ya rayu ne a ƙarni na 19, kuma a birnin Zariya gidansa yake. Har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani a cikin ganuwar birnin, kuma zuriyarsa sun daɗe suna riƙe da sarautar Sarkin Magina.

A ƙasar Hausa ba a ba mutum sunan gwani a banza. A tsangaya, sai wanda ya haddace Alƙur'ani ya ƙware har ya san adadin wuraren da kalma ta maimaitu ake kira gwani. Haka abin yake a sana'a. Magini yakan fara ne tun yana yaro da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koma miƙa tubali, sannan a bar shi ya hau bango. Da yawa a nan suke tsayawa har tsufa. Wanda ya kai ga ɗaure baka da rufa tulluwa, har abokan sana'arsa suka sallama masa, shi ne gwani. Shi kuwa Malam Mika'ilu sai aka ƙara masa da babba, domin a cikin gwanayen ma ya yi zarra.

Tarihin baka yana danganta ɗaukakarsa da Sakkwato. Ana cewa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, aka tabbatar masa da shugabancin magina, shi ya sa sarakunan daula ke aiko masa daga nesa idan suna da babban aiki.

Zamanin da ya taso

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, ya sauya fasalin ƙasar Hausa, ya kuma buɗe wa magina ƙofar aiki. An kafa Sakkwato a 1809. Malam Yakubu ya kafa Bauchi. Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, ya kuma ƙarfafa kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka. Kowane sabon gari yana buƙatar ganuwa da ƙofofi da fada da masallacin Juma'a.

A Zazzau, Malam Musa ya karɓi birnin a 1808, Sarki Makau ya fice ya nufi kudu wajen Zuba. Bayan Malam Musa sai Yamusa, bayansa kuma sai Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shi ne tushen gidan Katsinawa a cikin gidajen sarautar Zazzau, kuma shi ne ya sa aka gina masallacin Juma'ar da ke kusa da fada.

Sababbin shugabannin malamai ne, masallacin Juma'a kuwa shi ne babbar alamar mulkinsu. Suna son wuri mai faɗi da zai ɗauki sahu mai tsawo, liman ya riƙa jiyuwa, ginshiƙai kuma kada su yi yawan da za su yayyanke sahu. Wannan buƙata ita ce jarrabawar da ta fito da Babban Gwani fili, domin kayan aikin da ke hannun magini a lokacin ba sa son faɗi.

Laka, ciyawa da giginya

Duk abin da ya yi aiki da shi daga ƙasa ya fito ko daga daji.

Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattaka ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake takawa. Daga ita ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ana jera shi ne gindinsa a ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai a ƙasa, yana tashi yana sirancewa, don nauyin ya zauna a gindi.

Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta. An fi son namijin giginya saboda ƙarfinsa, kuma gara ba ta cika cin sa ba. Don kare gini daga ruwa, ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuma a dabe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. A saman gini a zagaya rawani, a kafa zankwaye, a sa indararo ya riƙa jefa ruwan sama nesa da gindin bango.

Matsalar tana wajen azara. Idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya tsallake fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Shi ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da ƙunci. Mai son ɗaki ya ɗan ƙara faɗi sai a yi masa tauyi, wato a fito da azara daga jikin bango ta tallafi ta sama. Mai son fiye da haka dole ya tsayar da ginshiƙi a tsakiya, ko kuma ya nemi wanda ya iya baka.

Yadda ake ɗaure bakan gizo

Baka ita ce ƙololuwar ilimin maginin Hausa, kuma a nan Babban Gwani ya yi suna.

Turawa da Larabawa idan za su yi baka ta dutse, sukan fara kafa katako mai siffar bakar, su jera duwatsu a kansa, sannan su cire katakon. Maginin Hausa ba haka yake yi ba. Yakan dasa damin azara a cikin bango ko ginshiƙi, ya ɗan karkato shi ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar shi ya bushe. Idan ya bushe sai ya ɗora wani damin a kansa, wanda ya fi na farko karkata. Haka zai yi ta yi daga ɓangarorin biyu, hawa bayan hawa, har hannuwan biyu su kusa haɗuwa a sama, sai ya ƙulle su da azara a kwance. Bayan an yaɓe, mai kallo ba ya ganin gaɓoɓin, sai lanƙwasa guda mai santsi. Wannan ita ce bakan gizo.

Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, kamar yadda ake ɗaure bakin guga da sanduna, ana kiran wannan ɗaurin guga. A kan bakunan ne ake jera gajerun azara, kowane gurbi bai wuce abin da azara za ta iya ɗauka ba, sannan a rufa tulluwa. Da wannan dabara ɗakin da ba zai wuce mita biyu ba sai ya ninka haka sau uku ko sau huɗu, babu ginshiƙi a tsakiya.

Aiki ne na haƙuri, kuma na rani. Wanda ya yi gaggawar ɗora hawa na biyu kafin na farko ya bushe, bakarsa za ta sunkuya. Wanda ya karkato azara fiye da kima, nauyi zai rinjaye ta. Wanda bai ba bango isasshen kauri a bayan baka ba, za ta ture shi.

Duk wannan lissafi ba a takarda ake yin sa ba. Magini yakan shata fasalin gini a ƙasa da ƙafarsa, mai gida yana tsaye yana kallo. Ma'auninsa a jikinsa yake: ɗani, kamu, gaba da taki, sai igiya da turaku. Sauran kuma ido ne da gogewa. Ilimin yana tafiya ne daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaronsa, a kan bango.

Masallacin Zariya

Abin da Babban Gwani ya gina wa Sarki Abdulkarim ya wuce ɗakin salla kawai. Akwai babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a a haɗe da shi, da zaurukan shiga inda ake alwala, da haraba da katanga ta kewaye.

Daga waje ginin bai cika ɗaukar ido ba: bangaye masu kauri, da tulluwoyi marasa tsayi sosai a jere a sama. Sai an shiga ciki ake gane aikin. Manyan ginshiƙai sun tashi daga ƙasa, bakuna sun fito daga jikinsu kamar rassan itace, sun tsallaka sun haɗu da 'yan uwansu, kowane sashe na rufin da irin saƙarsa. Azarar da ke tsakanin bakuna an jera ta da tsari, ta zama ado da kanta.

Adon jikin ginshiƙan kuwa zane ne da aka fitar a cikin ɗanyar ƙasa, layuka masu zurfi da kusurwoyi da da'irori. Ado ne mai natsuwa, wanda ya sha bamban da zanen fuskar gidaje mai launi-launi da ya yaɗu a Zariya da Kano a ƙarni na 20.

Masana gine-gine na ciki da wajen Najeriya sun daɗe suna sanya wannan masallaci a sahun gaba cikin gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma. Masallatan Jenne da Tambutu a Mali, da na Agadas a Nijar, sun yi suna ne da surarsu ta waje da hasumiyoyinsu. Na Zariya kuwa da cikinsa ya yi suna.

Girman aikin ya sa labarai suka taso a kansa. Akwai masu cewa da dare yake aiki don kada a ga sirrinsa, akwai masu cewa aljanu ke taya shi. Irin wannan magana ta saba bin duk gwanin da aikinsa ya fi ƙarfin fahimtar mutanen zamaninsa.

Daga Zazzau zuwa Bauchi

Sunansa bai tsaya a Zariya ba. A fadar Sarkin Bauchi akwai tsohon soron da ake kira Babban Gwani, da sunan maginin. Ana kuma danganta masa wasu soraye a Gidan Rumfa da ke Kano.

Wanda ya fi shahara a cikin ayyukansa na wajen Zariya shi ne Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi. An gina shi wajajen 1860 domin Madakin Bauchi, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. A 1956 gwamnati ta ayyana shi a matsayin ginin tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko da suka samu wannan matsayi a Najeriya.

Tsakanin masallacin Zariya da gidan Kafin Madaki akwai shekara ashirin da wani abu. Wannan na nuna mutum ne da ya daɗe ana damawa da shi, yana tafiya da ayarin yaransa daga wannan masarauta zuwa waccan, a lokacin da tafiya daga Zariya zuwa Bauchi take cin kwanaki a ƙafa ko a kan doki. Duk inda ya yi aiki kuma dole ya ɗauki 'yan garin su taka ƙasa, su yi tubali, su miƙa azara. Ta haka salonsa ya bazu.

Ƙarshensa a Birnin Gwari

Labarin da ya fi yawo game da rasuwarsa ya faru ne a Birnin Gwari, masarautar da ke yamma da Zariya, wadda a yau take iyaka da Ƙaramar Hukumar Sabuwa ta Jihar Katsina.

Masu ba da tarihin baka sun ce sarkin garin ya gayyace shi ya gina masa masallaci irin na Zariya. Da ya gama, sarki ya ga kyan aikin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi.

Wanda ya yi karatun littattafan Larabci zai tuna da Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarkin Hira Nu'umanu fadar Khawarnaƙ, aka saka masa da jefo shi daga samanta, har sakayyar Sinimmar ta zama karin magana a wajen Larabawa. A Rasha ma ana ba da irin wannan labari a kan maginan wata shahararriyar majami'a da ke Mosko. Duk inda irin labarin ya ɓulla, yana nuna yadda jama'a suka ɗauki maginin: mutum ne da sarakuna ke kishi a kansa, kuma iliminsa a kansa yake, idan ya tafi ya tafi da shi.

Sai dai na Babban Gwani bai tafi duka ba. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da sana'ar, suna yi wa fadar Zazzau gini, suna kula da masallacin. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Kowace shekara kafin damina a duba rufi, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake laso. Da wannan hidima masallacin ya haura shekara 100 a tsaye.

Masu tef da takarda

A tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa suka fara sauyawa. Siminti da kwano da bulo suka shigo, masu hali suka fara rushe soraye, 'ya'yan magina suka koma birkiloli. A daidai wannan lokaci ne wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan da ke Turai, Zbigniew Dmochowski, ya iso Najeriya a 1958, ya yi aiki da Sashen Kula da Kayan Tarihi.

Mutum ne da ya san darajar awo tun daga gida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, malamai da ɗaliban makarantar fasaha ta Warsaw, inda ya yi karatu, sun bi tsofaffin gine-ginen ƙasarsu suna aunawa suna zanawa. A 1944 sojojin Jamus suka ragargaza mafi yawan birnin. Bayan yaƙi, waɗannan zane-zane da aka ɓoye, tare da tsofaffin hotuna, su suka taimaka aka sake tayar da tsohon garin, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980.

Dmochowski ya horar da matasan Najeriya, suka zagaya ƙasar suna auna fadoji da masallatai da gidaje. Masallacin Zariya na cikin manyan ayyukan da suka auna.

Auna ginin ƙasa ya fi auna ginin bulo wuya. Babu bangon da ya miƙe sak, babu kusurwar da ta yi daidai da 'yar uwarta, kaurin bango a ƙasa daban, a sama daban. Don haka mai awo ba ya wadatuwa da tsawo da faɗi. Sai ya ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke gicciye da ita, ya raba ɗakin zuwa ƙananan kusurwa-uku, don ainihin siffar ta fito. Sai ya ja layi madaidaici a jikin bango, ya riƙa auna tsayi daga gare shi, tunda daɓen ƙasa ba a miƙe yake ba. Sai ya saki igiya mai nauyi a baki don ya ga iya karkatar bango. Baka kuwa sai an bi ta gaɓa-gaɓa ana ɗaukar tsayinta.

Daga nan ake fitar da zane iri uku: shimfiɗar ginin kamar an cire rufi an leƙo daga sama, da fuskarsa kamar yadda mai tsayuwa a gabansa ke gani, da kuma cikinsa kamar an tsaga kabewa biyu, inda kaurin bango da lanƙwasar baka da tudun tulluwa ke bayyana. Lissafin da Babban Gwani ya riƙe a ka, sai ga shi a takarda da lambobi.

Wasu masana sun biyo baya. Baturen Ingila J.C. Moughtin ya yi rubutu a kan masallacin a 1972, ya kuma fitar da littafi kan gine-ginen Hausa a 1985. Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna da magina ya tattara yadda su da kansu suke auna gwaninta da kyan gini, a binciken digirinsa na uku da ya kammala a Amurka a 1981.

Abin da awo ya ceto

A shekarun 1970 aka yi wa masallacin Zariya babban sauyi. Jama'a sun ƙaru, ana son faɗaɗawa, sai aka tayar da sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar. Bakuna da ginshiƙan ciki sun tsira, amma surar waje da wasu sassan harabar sun tafi. Wanda yake son ya san yadda masallacin yake a asalinsa, sai dai ya koma ga zane da hotunan da aka ɗauka kafin wannan lokaci.

Da waɗannan zane-zane ne Dmochowski ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952. A can magina suka sake tayar da masallacin Zariya da girmansa na asali, da ƙasa da azara, tare da kwatankwacin wani sashe na ganuwar Kano da na fadar Katsina. Ya rasu a 1982. A 1990 aka buga aikinsa cikin juzu'i uku, na farko a kan Arewacin Najeriya.

Ginin na Jos ma ƙasa ne, kuma ruwan Jos ba ya wasa, don haka shi ma yana neman yaɓe da kulawa. Takarda tana adana siffar gini, amma sai da hannun magini ake tayar da shi. An ga haka a Tambutu, inda masu ɗauke da makamai suka rushe hubbaren waliyyai a 2012, maginan garin suka sake gina su zuwa 2015 bisa tsofaffin bayanai da ilimin da suka gada. An gani a Faransa, inda awon da wani masani ya yi wa majami'ar Notre-Dame da na'urar hasken leza ya yi amfani bayan gobarar 2019.

Awo yana da wani amfanin da ya shafi rai kai-tsaye. Ginin da ake aunawa lokaci-lokaci, ana iya gane ko bangonsa ya fara karkata, ko tsagarsa tana buɗewa, ko danshi ya kama gindinsa, tun kafin ido ya gani. Wannan ya fi muhimmanci ga ginin ƙasar da aka haɗa da siminti, domin siminti yana tsare danshi a cikin bango, ƙasa ta riƙa ruɓewa a ɓoye, waje kuwa lafiya lau.

Daga Sabuwa zuwa Ƙanƙara

Ƙasar da ke arewa da Birnin Gwari, wato Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, tana cikin yankin da masana tarihi ke kira Katsinar Laka saboda irin ƙasarta. Yanki ne mai tsofaffin garuruwa irin su Birnin Kogo da Pauwa, waɗanda sunayensu suka shiga tarihin Katsina tun kafin jihadi, har hakimin Ƙanƙara ke amsa sunan Sarkin Pauwa. A Ƙanƙara kuma ake haƙar farar ƙasa mai yawa.

Gine-ginen wannan yanki ba su samu irin gatan da na Zariya da Kano da birnin Katsina suka samu ba. Hasumiyar Gobarau tana da masu kula da ita, tana cikin littattafai. Zauren dagaci, da tsohon masallacin ƙauye, da guntun ganuwar da ta rage a bayan gari, su ba su da kowa sai masu zaune kusa da su.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Shekaru da dama hare-haren 'yan bindiga sun addabi waɗannan ƙananan hukumomi da Birnin Gwari, kuma duniya ba ta manta da sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba. Garin da mutanensa suka yi gudun hijira, babu mai yi masa yaɓe. Damina biyu ko uku sun isa rufi ya zube, bango ya bi shi. Masu bincike daga jami'o'i kuma ba sa iya shiga.

A irin wannan hali, awon farko yana hannun mazauna wurin. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tef na awo, da littafin rubutu, da wayar da ke ɗaukar hoto sun isa a fara: tsawo da faɗin kowane ɗaki, kaurin bango, tsayin rufi, hoton kowace fuska da kowace baka, sunan maginin idan dattawa sun riƙe, da zamanin sarkin da aka yi ginin. Ɗaliban zanen gine-gine da na safiyo 'yan asalin yankin, waɗanda ke karatu a Zariya da Katsina da Kaduna, za su iya mayar da wannan zane mai ma'auni. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su ne wuraren da ya dace a ajiye irin waɗannan bayanai.

Haka nan tsofaffin maginan da suka iya ɗaure baka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗayansu yana ɗauke da wani yanki na ilimin da Babban Gwani ya kai ƙololuwa, kuma yawancinsu ba su da magaji a sana'ar. Zama da su a ɗauki bayaninsu, a ga yadda suke karkata azara da yadda suke gane ƙasa ta nuna, yana cikin aikin awon.

Bayan ruftawar 2023 an buɗe gidauniyar sake gina masallacin Zariya, masu hali suka ba da gudummawa. Duk irin ginin da zai tsaya a wurin, aikin Malam Mika'ilu yana nan a rubuce, da tsawonsa da faɗinsa da lanƙwasar bakunansa, saboda wasu sun ɗauki tef sun auna shi tun yana tsaye.

Allah Ya jiƙan Babban Gwani, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a masallacin da ya gina.